Laka Mai Numfashi: Abin Da Ya Haɗa Rumbun Ɗambatta Da Kyautar Nobel

A ƙauyukan arewacin Kano, daga Bichi zuwa Ɗambatta, daga Minjibir zuwa Kunchi, da wuya ka sami gidan da babu ƙyauren da ke gardama a watan Agusta. Kafinta ya auna shi daidai da rani, amma da damina ta zauna sai ya cije, sai an sa masa kafaɗa kafin ya rufu. Mai gida ya gaji, ya sa a rage gefensa. Hunturu na shigowa sai ƙyauren ya tsuke, har na cikin ɗaki ya riƙa hango hasken tsakar gida ta inda aka rage. Sau da yawa ko ɗigon ruwan sama bai taɓa katakon ba, daga iska ya sha. Haka fatar ganga ke sakin jiki idan raɓa ta sauka, sai makaɗi ya kara ta a wuta kafin ta ba da amo.

Mun saba da wannan har ba ma tambayar dalili. Amma a wasu wurare mutane sun ƙarar da rayuwarsu a kan tambayar. Ranar 8 ga Oktoba 2025 aka sanar da kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai ga mutum uku: Susumu Kitagawa na Jami'ar Kyoto a Japan, da Richard Robson na Jami'ar Melbourne a Ostareliya, da Omar Yaghi na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka. Abin da suka ƙirƙira wani irin gari ne da ake kira MOF. Idan aka duba cikinsa, saƙa ce ta ƙwayoyin ƙarfe da aka haɗa da sandunan sinadari, tsakaninsu kuwa fili ne zalla, ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, waɗanda iska ke shiga ta zauna. Wasu nau'o'in wannan gari ba sa tsayawa yadda suke idan iskar ta shiga. Sukan tsuke, su buɗe, su sake tsukewa. Masana da kansu numfashi suke kiran abin. Ƙa'idar da ke motsa su kuwa ita ce ke cije ƙyauren Bichi, ita ce ke tsaga lakar fadama, ita ce kuma ke sa wake ya yi nauyi a buhu ba tare da an ƙara ko ƙwaya ɗaya ba.

Ƙasar da ba ta hutu

Karkarar da ke kewaye da birnin Kano na cikin waɗanda suka fi cikar jama'a a Afirka ta Yamma. Tun 1965 Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka wallafa nazari a kanta, suka bayyana yadda gona ke manne da gona, ana noma kowace shekara ba a barin ƙasa ta huta, ana riƙe ta da takin da jakuna ke kawowa a mangala. A irin wannan wuri komai yana da aiki. Kara ya zama darni ko makamashi, harawa ta zama kuɗi, ƙasar kududdufi ta zama ɗaki da rumbu.

Sannan ga yanayin da ke jujjuya duk waɗannan kayayyaki sau biyu a shekara. Da tsakar rana a Fabrairu da Maris danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, leɓe ya tsage, dunduniya ta yi kaushi. A Agusta ya haura kashi 70. Abin da mai bincike a Turai zai sayi akwati na musamman ya kwaikwaya a ɗakin gwaji, mu Allah Ya ba mu shi kyauta a fili, kuma kowane bango da kowane damin gero yana cikin gwajin.

Laka biyu, hali biyu

A je bakin madatsar Thomas ko ta Watari bayan ruwa ya ja da baya. Inda baƙar laka ta kwanta za a ga ta dare gida-gida, wani tsagin har yatsa ya shige, gefunan sun ɗan naɗe sama. A taka 'yan taku zuwa jigawa, ƙasa ta bushe ƙamas amma babu tsagi. Rana ɗaya ce ta gasa su, bambancin yana cikin ƙirar ƙwayar ƙasar.

Ƙwayar laka ba dunƙule ba ce, falle-falle ce, siraran shafuka a jere ɗaya bisa ɗaya. A irin lakar da ta fi yawa a tudunmu, wadda masana ke kira kawolinait, shafukan sun kama juna gam, ruwa sai dai ya laɓe a bayansu, ba ya samun hanyar shiga tsakani. Akwai kuma wata, montmorilonait, da ta samo suna daga garin Montmorillon na Faransa. Ita tsakanin shafukanta akwai ƙwayoyin gishiri irin su sodiyam da kalsiyam masu tsananin son ruwa. Da danshi ya ƙaru a iska, tururin ruwa sai ya kutsa tsakani ya ɗaga shafukan. Tazarar da ke daga shafi zuwa shafi a bushe kusan nanomita 1 ce, wato milimita guda a raba ta gida miliyan a ɗauki ɗaya. Idan sahu ɗaya na ƙwayoyin ruwa ya shiga sai ta kai wajen 1.25, idan sahu na biyu ya biyo ta kai wajen 1.5. Ba a hankali take buɗewa ba, tsalle take yi daga mataki zuwa mataki. Ƙaramin abu ne a ido, amma a tara shafuka biliyoyi, sai ka ga ƙasa ta ɗaga daɓe.

Inda wannan hali ya fi bayyana a Najeriya shi ne ƙasar firgi ta Borno, kusa da Tafkin Chadi, inda ake dasa masakwa bayan damina ta dogara da ruwan da lakar ta riƙe. Masu aikin titi a can sun san wahalarta, domin tana ɗaga kwalta da damina ta sake ta da rani har ta farfashe. A fadamunmu abin bai kai haka ba, amma yana nan gwargwado. Gaskiya kuma, manyan tsagogin fadama ba aikin tururi kaɗai ba ne. Yayin da laka ke bushewa, ragowar ruwan da ke maƙale tsakanin ƙwayoyi yana jan su zuwa juna da ƙarfi, ƙasa ta rasa yadda za ta tsuke gaba ɗaya, sai ta yage.

Maginin gargajiya ya daɗe da sanin wannan da tafin hannunsa. Ba ya zuwa tsakiyar fadama ɗibar ƙasar gini. Jar ƙasa yake nema mai ɗan yashi da tsakuwa, ya jiƙa, a tattake ta da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan a mulmula tubali a shanya. Ciyawar nan ba don ƙara auki ba ce, ita ke riƙe ƙasar idan ta zo tsukewa, ta rarraba tsagin ya zama ƙanana maimakon babba guda. Idan lakar ta cika danƙo sai a ƙara mata yashi, kamar yadda mai ginin tukwane ke yi don kada randa ta fashe a wajen gashi. Daga ƙarshe a bi bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwan sama ya zame.

Daga nan ake gane wani kuskure da ya zama ruwan dare. Mutum ya sami ɗan kuɗi, ya ce bari ya huta da yaɓen kowace shekara, sai ya shafe bangon ƙasa da siminti. Shekara biyu ko uku, ka ƙwanƙwasa ka ji ƙarar rami, daga baya falle guda ya ɓallo ya faɗi. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, yana ɗan motsi da shi, siminti kuwa ba ya bin sa. Ga shi kuma ya toshe hanyar da laimar za ta fita, ta taru a bayansa tana cin bangon. Wannan shan danshi da fitar da shi ba aibi ba ne. Shi ya sa iskar ɗakin ƙasa ba ta bushewa ƙwarai da hunturu, ba ta kuma yin gumi da damina irin na ɗakin bulo mai rufin kwano.

Daga gawayi zuwa garin da ke buɗe ƙofa

Kimiyya ta fara auna wannan al'amari da gawayi ne. A 1927 F. T. Meehan ya nuna a Ingila cewa guntun gawayi yana ƙara tsawo idan ya sha iskar kabon. Shekara guda bayan haka D. H. Bangham da N. Fakhoury, suna aiki a Alƙahira, suka bi sawu da wasu iskoki da tururi. Ƙarin ɗan kaɗan ne, sai da na'ura ake ganinsa, amma ya isa ya tabbatar da cewa ko abu mai tauri yana amsawa idan iska ta manne a bangon ramukansa.

Ƙarfi biyu ne ke ja-in-ja a cikin ramin. Idan ramin matsattse ne, ƙwayar iska ɗaya tana iya manne wa bangon dama da na hagu a lokaci guda, sai ta jawo su, abin ya tsuke. Idan ƙwayoyin suka yi yawa suna neman wuri, sai su tura bangon waje, abin ya kumbura. A gawayi bango yana da tauri, don haka motsin kaɗan ne. Tambayar da Kitagawa ya ɗauko ita ce, me zai faru idan aka gina bangon da gangan ya zama mai lanƙwasa? A 1997 ya nuna cewa iskar metan da naitrojin da oksijin suna shiga saƙarsa su fita ba tare da ta rushe ba. A 1998 ya faɗi cewa za a iya yin masu laushi da za su riƙa sauya siffa. A lokacin mutane da yawa ba su ga amfanin abin ba, tunda akwai ziyolait, wani ma'adini mai ramuka da masana'antu suka daɗe suna aiki da shi. Sai dai ziyolait ƙafaffe ne.

Misalin da ya fi shahara ya fito daga Faransa, daga ɗakin binciken Gérard Férey a Versailles, a 2002. Sunansa MIL-53. Ramukansa dogaye ne masu kusurwa huɗu, kuma kusurwoyin suna iya naɗewa, tamkar zuga-zugin maƙeri. Idan aka gasa shi ya zama babu komai a ciki, a buɗe yake. A ajiye shi a iska mai danshi, ƙwayoyin ruwa kaɗan su shiga, sai ya rufe. Da iskar kabon abin ya fi ban mamaki: da farko ya tsuke, a ƙara matsi sai ya sake buɗewa ya sha mai yawa. Tsakanin rufewa da buɗewa girmansa na sauyawa da kusan kashi 40 cikin 100, kuma ba ya karyewa. Iskar metan kuwa, a zafin ɗaki, ba ta sa shi wannan rawa. Nan amfanin yake, domin abin da ke amsa wa wata iska ya ƙi wata zai iya zama matacin da ke raba su. Férey ya rasu a 2017, kyautar Nobel kuma ba a ba mamaci.

A 2016 ƙungiyar Stefan Kaskel a Dresden ta Jamus ta ba da labarin wani, DUT-49, mai halin da ya saɓa wa hankali. Ana ƙara masa matsin iska yana sha, sai a wani mataki ya rufta ciki ya koma kusan rabin girmansa, ya furzar da wani ɓangare na abin da ya riga ya sha.

Akwai wata ɗabi'a da duk waɗannan suka haɗu a kai, daga garin Férey har lakar firgi: hanyar shiga dabam, hanyar fita dabam. Matsin da ya buɗe ƙofa ba shi ne ke rufe ta ba, sai an sauka ƙasa da shi sosai. Abin da ya sha da sauƙi ba ya saki da sauƙi.

Tukunyar gas da jarkar ruwa

Me ya shafi mai adaidaita sahu da wannan? Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ake ta kiran mutane su koma gas na CNG. Tukunyarsa nauyi gare ta, domin ana danna gas ɗin da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa kusan sau 200. Masana sun daɗe suna son a cika tukunya da gari mai ramuka, yadda gas zai manne a ciki da matsin da bai wuce sau 35 zuwa 65 ba. Matsalar ƙafaffen gari ita ce yana riƙe wani kaso ya hana injin. A 2015 ƙungiyar Jeffrey Long a Berkeley ta nuna wani mai lanƙwasa, na ƙarfen kobalt, wanda ke buɗewa idan ana cika shi, idan matsi ya sauka kuma ya rufe ya matso kusan duk abin da ke ciki. Har zafin da ke tashi wajen cikawa, buɗewar na shanye wani ɓangarensa. Amma kada kowa ya je Sabon Gari nemansa. Yana da tsada, kuma garin da ke kumbura yana tsukewa kullum yakan farfashe, idan aka dunƙule shi kuma aka matse a tukunya sai ya rasa filin motsi. Matsalar mai simintin bango ce ta biyo su har ɗakin gwaji.

Maganar ruwa ita ta fi jan hankalin jama'a. Yaghi an haife shi a Amman ta Jodan a 1965, cikin iyalin Falasɗinawa 'yan gudun hijira, a unguwar da ruwan famfo ke zuwa jefi-jefi. Ƙungiyarsa ta ƙera na'urar da ke tatsar ruwa daga busasshiyar iska. Garin da suka yi amfani da shi, MOF-303 na alminiyam, ba ya cikin masu lanƙwasa sosai, amma yana kama tururi ko da danshi ya yi ƙasa, ya sake shi da ɗan zafi. A gwajin da suka wallafa a 2019 daga hamadar Mojave, kilo ɗaya ya ba da kimanin lita 0.7 a yini, da taimakon fanka da lantarkin hasken rana.

Abin a yaba ne, amma a yi lissafi. Jarka guda mai lita 20, wadda mai ruwa ke turowa a kura, cika ta a yini na bukatar kusan kilo 30 na wannan gari, ban da na'urar kanta. Gida mai mutum goma da awaki da tunkiya fa? Wanda ya ce wannan zai maye gurbin rijiyar burtsatse a Makoda ko Tsanyawa ya yi gaggawa. Inda zai iya amfani shi ne wurin da ake bukatar ruwa kaɗan mai tsabta ƙwarai, irin ƙaramin asibitin ƙauye.

Inda kuɗin manomi ke zuba

A ganina, wurin da wannan ilimi ya fi kusa da aljihun mutanenmu shi ne hatsi. Ƙwayar gero ko wake ko gyaɗa ita ma abu ce mai ramuka da ke musayar danshi da iska har sai sun daidaita. Ta sha ta kumbura, ta saki ta tsuke. Shi ya sa mai saye a kasuwar Dawanau ke cusa hannu can cikin buhu, ya ɗebo, ya jefa ƙwaya a baki ya ciza. In ta fashe ƙas, ta bushe. In haƙori ya nutse, sai a ce da sauranta, farashi ya sauka. Shinkafar da aka shanya a rana mai zafi ta bushe da sauri, sannan raɓar dare ta same ta, bayanta na kumbura cikinta bai kumbura ba, sai ta tsage, ta fito daga injin casa a karye.

Mun yi sa'a girbinmu na faɗowa a bakin rani, iska da kanta ke busar mana. Haɗarin yana ga hatsin da ya kai damina ta gaba a ajiye, da gyaɗa da masarar da aka cire ruwa bai gama ɗaukewa ba. Ƙa'idar da masana ajiya ke bi ita ce danshin hatsi kada ya wuce kashi 12 zuwa 13 cikin 100, na gyaɗa kuma ƙasa da haka sosai. Idan iskar da ke tsakanin ƙwayoyi ta haura kashi 65, fumfuna ta samu wurin zama, ciki har da mai haifar da gubar aflatoksin da ke lalata hanta, wadda ta sha jawo a ƙi karɓar gyaɗar Afirka a kasuwannin waje.

Buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma daga 2007, ya taimaka wa masu wake ƙwarai. Leda biyu ce masu kauri a cikin buhun saƙa, a ɗaure kowace dabam. Ƙwari su shanye oksijin da ke ciki su daina ɓarna, ba tare da an zuba maganin da ke cutar da masu ci ba. Amma ledar da ta hana iska shiga ta hana laima fita. Wanda ya ɗaure ɗanyen wake ya ɗaure shi da ruwansa. Akwai gwajin da malaman gona ke koyarwa wanda ba ya cin ko sisi: a sami busasshiyar kwalba, a zuba busasshen gishiri da ɗan hatsin, a rufe, a girgiza, a bar shi ya ɗan jima. In gishiri ya manne a jikin kwalba, a mayar da hatsin shanya. Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta fito da wani ɗan kati mai suna DryCard da ke sauya launi idan danshi ya yi yawa, ta kuma yaɗa amfani da ƙwallayen ziyolait wajen busar da iri, waɗanda ake gasawa a sake aiki da su.

Ana kuma yawan kawo shawarar a ƙona kara a yi gawayi a zuba a gona, don ramukansa su riƙe ruwa da taki a jigawa. Hujjar tana da ƙarfi a ƙasa mai yashi. Sai dai mai ba da shawarar ya fara tambayar uwargida da me za ta dafa tuwo, ya tambayi mai gida da me zai yi darni. Ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayin shinkafa da ke tule a bakin injina sun fi dacewa a fara da su.

Muna da wuraren da za su iya wannan aiki: Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta, da gonar gwaji ta IITA a Minjibir. Ba sai an jira garin Kyoto ko na Berkeley ba. A ɗebo ƙasar kududdufan da magina ke yabo da waɗanda suke gudu, a auna yadda kowace ke sha da saki daga Maris zuwa Agusta. A auna irin wake da gero da manoma ke shukawa yanzu, a rumbun ƙasa da ɗakin kwano da buhun leda. Sannan a buga sakamakon da Hausa, a karanta shi a rediyo kafin kakar bana ta shigo.